Ƙwan da Kaka Ba Ta Sani Ba

Shekaranjiya da hantsi maƙwabciyata ta tafasa ganyen maina, wato dogon yaro, za ta yi wa ɗanta sirace, iska ta ɗebo warin ta tsallako da shi katanga. Ina tsaye ina shanya kaya, sai na ji hannuna ya tsaya a kan igiya. In ka taɓa shaƙar ganyen maina da ya sha ruwa, ka san ɗaci ne wanda hanci yake riga harshe ji. Ni damina uku na yi wannan ɗacin yana manne a yatsuna, a gidanmu na Gomari, a shekarun da garin nan yake rufe ruf kamar tukunyar da aka ɗora wa dutse.

Ina da shekara tara lokacin da Kaka, mahaifiyar babana, ta iso gidanmu. Ba ziyara ta zo ba. Mutanen daji ne suka shiga ƙauyensu, ita da Baffa, ƙanin babana, da matarsa suka yi kwana biyu suna tafiya a ƙafa kafin su samu motar da ta ƙaraso da su. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ya ƙi fita, sai da aka yanka shi. Ba ta fito da tukunya ba, ba ta fito da tabarma ba. Abin da Mama ta tarar a ƙulle a bakin lafayarta shi ne ɗan irin wake, da na kuɓewa, da na yakuwa, sai zangarniyar masara guda huɗu, jajaye, irin da ta ce tun uwar mijinta ake shukawa a gonarsu.

Babana tela ne a unguwar Hausari, kuma a lokacin ba mai ta ɗinki. Wanda bai san ko zai kai Sallah ba, ina shi ina kayan Sallah? An rufe makarantu. An hana hawa babur. Bakin da ake ciyarwa a gidanmu ya ƙaru, tukunyar kuwa tana nan yadda take. Bayan gidan namu akwai wani kango mai katanga, mai shi ya kwashe iyalinsa ya bar gari, ya bar wa Baba makulli. Kaka ba ta cika sati biyu ba ta sa aka kai ta ciki, ta durƙusa ta damƙi ƙasar, ta murza, ta shinshina. Ta ce za ta yi.

Bulaman unguwa ya yarda, amma da sharaɗi: ban da duk wata shuka da za ta iya ɓoye mutum a tsaye. Saboda haka masarar ta koma cikin wani gwangwani, aka rufe ta da toka. Takin zamani ba ya samuwa, an hana sayar da shi don ana haɗa abin fashewa da shi. Maganin feshi kuwa ba na irinmu ba ne. Abin da ya rage mana shi ne hannu da ido, kuma a nan matsalar take, domin yanar ido ta kama Kaka. Tana ganin haske, tana ganin inuwar mutum, amma abin da bai kai ƙwayar gero ba sai dai a faɗa mata. Ni aka ba ta.

Kaka Hausarta ta kasuwa ce, ba ta raba mace da namiji, kowa “kai” ne a wurinta. In abin ya yi zafi sai ta koma Barbarci, in tsinci rabi in bar rabi. Kullum rana na ɗagowa, kafin raɓa ta bushe, sai ta shimfiɗa buhu a tsakanin kunyoyi ta zauna, ni kuma in bi shuka ɗaya bayan ɗaya.

“Kai, juya ganye,” haka take cewa. “Mai cin abincinka ba a sama yake kwana ba.”

Tambayoyinta ba sa canzawa. Wane launi ne? A tsaye yake ko a kwance? Shi kaɗai ne ko da 'yan'uwansa? In na amsa, sai ta juya abin a ranta, sannan ta yanke hukunci: a murje, ko a bari. Muna cikin haka jiragen yaƙi za su tashi daga filin jirgi, ƙararsu ta girgiza kwanon rufi, mu dakata har su wuce, sannan ta ce in ci gaba daga inda na tsaya.

A haka na san abubuwan da har yau ban san sunansu na boko ba. Akwai ƙwai masu kama da ƙananan ganguna, a jere sahu-sahu kamar masallata, a ƙasan ganyen wake. Waɗannan na ƙwaro mai wari ne da ke tsotse wake tun yana ɗanye, sai ka ɓare kwanso ka tarar da shi a shanye. A murje. Akwai koriyar tsutsa mai sheƙi da ke naɗe ganyen kuɓewa kamar tabarma ta shige ciki, in ka warware sai ta yi ta wutsil-wutsil da baya. A murje. Amma akwai wasu fararen ƙwai, kowanne a kan ɗan siririn gashi kamar an soka shi a kan allura, waɗannan ba a taɓa su. Haka kumfar nan busasshiya da ƙoƙi-ƙoƙi ke mannawa a jikin kara. Hatta zanzaro da ke gina ɗakinsa na laka a kusurwar katanga, Kaka ta hana a rushe masa, ta ce ma'aikacinmu ne, tsutsa yake kwashewa ya kai wa 'ya'yansa. Duk bayan kwana uku kuma mu tace ruwan ganyen maina da muka jiƙa, in yayyafa da tsintsiya.

A daminar farko na yi kuskuren da ya zauna mini. Kaka ta kwana biyu da zazzaɓi, na shiga kangon ni kaɗai, ina jin na isa. Na tarar da ƙwai rawaya, dogaye, a tsaye cunkus a ƙasan ganyen wake, wuri-wuri, ga kuma wasu munanan halittu baƙaƙe masu ƙaya-ƙaya, kamar 'ya'yan kada, suna yawo kusa da su. Na bi su duka na murje, yatsuna suka yi rawaya, na je na nuna mata ina jiran yabo. Ta sa na sake faɗin kamanninsu. Sai ta lalubo kunnena ta murɗe shi har na ga taurari. Ashe ƙwan jan ƙwaron nan ne mai ɗigon baƙi a baya, munanan kuma 'ya'yansa ne, su ne masu cin darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye. Kafin sati ya zagayo darɓa ta rufe waken, ganye ya yi baƙi ya yi danƙo, tururuwa na hawa da sauka. Rabin waken muka samu a shekarar. Kaka ba ta ƙara tayar da maganar ba, amma ni na ɗauki darasi, na kuma ɗauke shi fiye da yadda ta nufa: abin da Kaka ta ce a bari, a bari, ba musu.

Baffa shi ne mai jido mana ruwa in sama ta yi jinkiri. Mutum ne dogo, marar yawan magana, wanda a ƙauye yake noma gonar da sai ka gaji da tafiya ba ka kai ƙarshenta ba. A birni ya rasa inda zai sa hannunsa. Ya gwada dako, ya gwada tura ruwa, duk masu yi sun fi aikin yawa. Yakan gama noman kangon nan kaf kafin hantsi, sannan ya zauna a gindin katanga yana kallon fartanya. In Mama ta miƙo masa tuwo, sai ya ci rabi ya tura wa yara sauran ya ce ya ƙoshi. A lokacin an haƙa rami an kewaye gari, kuma akwai mazan da ke fita bayan ramin da safe, su yi noma ko su saro itace, su dawo kafin a rufe hanya da yamma. Yawanci suna dawowa. Duk lokacin da Baffa ya ɗauko zancen bin su, Kaka takan ce ba da yawunta ba. Ta riga ta bar miji da ɗa ɗaya a ƙasar ƙauye, ba za ta ƙara ba.

A damina ta uku abubuwa suka ɗan lafa a cikin gari, Bulama ya ce a iya shuka masara in dai a cikin katanga ne. Ranar da aka buɗe gwangwanin Kaka ta yi dariya har muka ga wawulonta. Baba ya ce a shuka rabi a ajiye rabi. Ta ce a'a, irin ya tsufa, in ya ƙara shekara a toka ba zai tsiro ba, gara ya shiga ƙasa ya haifi sabo. Ta kuma yi wa Baffa alkawari, shi ma ya yi mata: zai haƙura da zancen bayan rami har masara ta nuna, matarsa da ke da ciki ta ci sabuwar masarar gidansu, sannan a sake magana.

Masarar ta fito da kyau. Ban taɓa ganin kore irin wannan ba. Da ta kai gwiwata, Kaka takan bi layi tana shafa ganyen da tafin hannu, kamar mai shafa kan jikoki.

Wata safiya na ga wani abu a kan ganye, ba ma a ƙasa ba, a sama. Ɗan tabo ne kamar girman farcen babban yatsa, toka-toka, mai gashi-gashi kamar auduga ta yi datti. Na duba shuka ta gaba na ga wani, na gaba ma haka. Na faɗa wa Kaka. Ta yi tambayoyinta, na ce ban ga ƙwan sosai ba, a lulluɓe suke. Ta sa na kai yatsanta a kai, ta shafa a hankali, ta daɗe tana juya abin fiye da yadda ta saba. Sannan ta ce gizo-gizo ne, shi ne mai rufa wa ƙwansa bargo, kuma gizo-gizo a gona alheri ne. A bari.

Bayan kwana uku na ga sun ƙyanƙyashe. Na durƙusa na kai ido kusa. Ba 'ya'yan gizo-gizo ba ne. Tsutsotsi ne ƙanana kamar gashin ido, masu baƙin kai, sun fi a ƙirga, wasu na lilo a kan zare iska na kai su shuka ta gaba. Na san ba daidai ba ne, jikina ya ba ni. Kaka na zaune a kan buhunta, taku biyar tsakaninmu, ta ce me na gani. Na tuna kunnena. Na tuna darɓa. Na ce a raina wataƙila haka 'ya'yan gizo-gizo suke farawa, tunda 'ya'yan jan ƙwaro ma ba sa kama da uwarsu, kuma wace ce ni da zan ce wa Kaka ta yi kuskure? Na ce mata ba komai.

Kwana huɗu na yi da wannan “ba komai” a bakina. A rana ta biyar Baffa ne ya gani da kansa. Ganyen ya yi tagogi farare, kamar an kankare shi da reza, sabon ganyen da ke fitowa kuma duk huji. A cikin kan masarar, inda ganye ke fitowa a naɗe kamar mazurari, akwai wani abu jiƙaƙƙe kamar garin katako. Ya ɓare ɗaya ya zaro tsutsa mai kauri, ruwan ƙasa. Ya ce shi bai taɓa ganin irinta ba. Maƙwabta da suka leƙo suka ce ai ita ce ta shigo bana, har gonakin bakin kogi ta gama da su, ba wanda ya san daga inda ta fito.

Mun yi yaƙi, kada ka ce ba mu yi ba. Gidan gaba ɗaya ya koma kango, har Mama da matar Baffa da cikinta. Muka zuba toka da rairayi a cikin kan kowace masara. Muka ɗura ruwan maina har ya ƙare, muka sake jiƙa wani. Muka riƙa zaro su da tsinke muna tarawa a gwangwani muna watsa wa kajin maƙwabta. In mun kashe na yau, gobe wasu sun fito, domin uwarsu, wata faɗa-wuta mai ruwan ƙasa, ba ta daina zuwa ba. Sun cinye zuciyar shukar tun kafin ta yi goyo. Tsiraran da suka yi goyon, da muka ɓare, tsutsa muka tarar a ciki ta riga mu. Daga zangarniya huɗu da Kaka ta ɗauko a ƙafa, ba mu mayar da ko cikin tafi ɗaya na iri ba.

Kaka ta daina zama a kan buhu. Ba wanda ya ce mata komai, amma kowa ya ji lokacin da na ba Baffa labarin tabon mai gashi da abin da aka ce in yi da shi. Rabin labarin na bayar.

Baffa bai yi gardama da kowa ba. Wata safiya kawai ya wasa fartanyarsa, ya durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka ya ce wani mutumin ƙauyensu ya samu fili a bayan rami, za su shuka wake tun damina ba ta wuce ba, za a raba. Ya ce alkawarin har masara ta nuna ne, masara kuma ba za ta nuna ba. Na jira in ji ta hana shi. Ba ta hana ba. Ta ce Allah ya tsare, da wata murya ƙarama da ban san ta da ita ba.

Kwana goma sha ɗaya yana fita yana dawowa. Yakan shigo da la'asar, ƙafafunsa fari fat da ƙasa, wani lokaci da damin rama ko tafasa a kafaɗa, kuma a kwanakin nan ne kaɗai na ga yana cinye tuwonsa. A rana ta goma sha biyu la'asar ta yi, magariba ta gabato, aka rufe hanya. Washegari Baba ya je shingen da suke fita. Biyu daga cikin waɗanda suka fita tare sun dawo, sun ce mutane sun ɓullo a kan babura daga cikin itatuwa, kowa ya yi ta kansa. An samo gawar mutum uku aka yi musu sutura. Baffa ba ya ciki. Baba ya zaga asibiti, ya zaga duk inda aka ce ana tsare mutane, ya bi duk wanda aka ce ya kuɓuto daga daji yana nuna masa hoto. Ba wanda ya ce ya gan shi da rai, ba wanda ya ce ya gan shi a mace.

Ba a yi zaman makoki ba, don ba a san ko akwai mamaci ba. Mutane suna shigowa su zauna, su rasa gaisuwar da za su yi, su tashi.

Ni kuwa na daina cin abinci. Lissafina na yarinya a miƙe yake: da na yi magana da masara ta tsira, da masara ta tsira da Baffa yana gindin katanga. Bayan kamar sati, da rana tsaka, na tarar da Kaka ita kaɗai a ɗaki tana jan carbi. Na zauna a bakin tabarmarta na faɗa mata duka, cewa na ga sun ƙyanƙyashe, na ga tsutsa ce, ta tambaye ni na ce ba komai. Na sunkuyar da kai na matso da kunnena kusa da hannunta.

Ba ta taɓa kunnen ba. Ta ce in je kango in duba ko akwai sauran tsutsar a cikin kararen da ba a tumɓuke ba, in kawo mata ɗaya. Na samo wata ƙatuwa. Ta buɗe tafin hannunta na ɗora mata, tsutsar ta naɗe sannan ta miƙe tana tafiya a kan layukan hannunta.

“Faɗa min kamanninta,” in ji ta. “Kada ka rage komai.”

Na faɗa mata. Ruwan ƙasa ce, da ratsi a tsaye daga kai har wutsiya. A goshinta akwai farar alama kamar sawun kaza. Kusa da wutsiya akwai baƙaƙen ɗigo huɗu, biyu a gaba biyu a baya. Ta sa na maimaita yadda ƙwan yake, da inda uwar ke ajiye shi, da kwana nawa ya yi kafin ya fashe, da yadda ƙananan ke lilo a zare. Tana ji tana gyaɗa kai, kamar yadda ni nake yi mata a da. Da na gama sai ta rufe hannunta ta matse.

“Ni na ce a bari,” ta ce. “Ban san shi ba, na ji kunyar in ce ban sani ba. Kai yaro ne, ka ji tsoro. Ni me na ji tsoro?” Ta goge hannunta a gefen tabarma. “Daga yau in idonka ya ga abu, bakina ya faɗi wani, bi idonka.”

Sannan ta kira Mama ta ce a kawo mini abinci, ta zauna a kaina har na cinye.

Matar Baffa ta haihu bayan girbi, namiji. Kaka ta riƙe shi, ta shafa fuskarsa da yatsu ta ce goshin ubansa ne. Ba ta ga wata damina ba. Zafin bazara ya ɗauke ta, aka binne ta a nan birni, cikin mutanen da ba ta sani ba.

Yanzu na girma, na san abin da ban sani ba a lokacin. Na san tsutsar nan ta cinye gonakin waɗanda suka yi feshi da waɗanda ba su yi ba, kuma da na yi magana a ranar farko ma da wuya mu tsira da rabi. Na san masarar kango ɗaya ba za ta riƙe namiji kamar Baffa a gindin katanga har abada ba. Na san wannan duka, kuma yana taimaka mini a mafi yawan ranaku.

Garin ya buɗe. Ana kaiwa dare a waje, keke na kai mutum har unguwannin da a da ko sunansu ba a son ambata. Mai kangon ya dawo ya zuba siminti ya yi shaguna uku, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da katin waya da lemo. Yaran yanzu in sun ga ƙwaro a ganye hotonsa suke ɗauka, waya ta faɗa musu sunansa kafin su sauke hannu. Wasu ƙauyukan an koma, namu ba a koma ba, an ce itatuwa sun tsiro a cikin ɗakuna. Matar Baffa ta jira shekara huɗu, malamai suka ce ta iya yin aure, ta yi, ba wanda ya ga laifinta. Yaron yana wurin Baba, ya shiga firamare.

Kwanaki na je gida na tarar da shi ya ɗauko hoton nan da Baba ya yi ta yawo da shi, wanda gefensa ya lanƙwashe saboda zaman aljihu. Ya san ubansa ne. Abin da ya tambaya shi ne, in ya idar da salla, wace addu'a zai yi masa, ta masu rai ko ta waɗanda suka rasu, don malaminsu ya koya musu kowacce daban. Na kalli Baba. Baba ya ajiye almakashinsa.

“Yi duka biyun,” ya ce. “Ni ma haka nake yi.”